Ƙofar Inzil

Ustaz Hilmi, assalamu alaikum.

Ka taimake ni da shawara, ko da shawarar ita ce in yi shiru in jira kabarina. Ni tsohon malamin tarihi ne daga wani ƙauye a Buhaira, na kusa tamanin. Na yi digiri lokacin da digiri yake da daraja, ga shi yau da zare nake ɗaure gilashin idona. Bar wannan, ba shi ya kawo ni ba.

A bakin ƙauyenmu akwai gidan Shaukat Basha. A da ƙasar nan duk tasa ce, da audugar, da mu masu tsince mata tsutsa. Dokarsa ita ce babu manomin da zai wuce gaban gidan a kan jaki. Da ka iso katanga mai gadi zai daka maka tsawa, "Inzil!" wato sauka. Sai ka sauka ka ja jakinka har ƙarshen katangar. Shi ya sa har yau sunan wurin Inzil.

Ga labarin da ban taɓa ba kowa ba. Ina ƙarami zazzaɓi ya kayar da mahaifiyata. Babana Mitwalli ya ɗora ta a jaki zuwa asibiti, ni ina riƙe da gefen rigarsa. Lokacin zafi ne, Basha yana bakin teku da iyalinsa, tagogi a rufe, mai gadin ma ba ya nan. Muna isa katanga babana ya ce, "Sauko, uwar yara." Ta ce, "Haba Mitwalli, babu kowa fa." Ya ce, "Gidan yana nan." Ta sauko. Tana dafa katangar, ta taka, ta tsaya, ta taka. Katangar kuwa doguwa ce. Ba ta dawo daga asibitin ba. Ban ce tafiyar ce ta kashe ta ba, ajali ne. Amma in na rufe ido, ita nake gani.

Aka yi juyin mulki, aka raba ƙasa, babana ya sami eka uku, Basha ya bar ƙasar. Aka mayar da gidan makaranta, a ɗakin cin abincinsa na koyi karatu. Daga baya ya zama ma'ajiyar taki, sannan gidan jemagu. Amma babana har ya rasu bai wuce wurin a kan jaki ba. In na kawo masa ilimina sai ya ce, "Jakin ne ke tsayawa, Ustaz. Je ka karanta masa tarihin."

Yanzu jikokin Basha sun dawo da wata ƙungiya, za su gyara gidan ya zama masaukin baƙi da ɗakin karatu. Injiniyar da aka ba aikin 'yata ce, Nahla. Ita kaɗai ta rage kusa da ni tun rasuwar uwarta. Ta kawo mini zanen tana murna. A saman ƙofa an rubuta "Masaukin Inzil", a ƙasa kuma wai an sa sunan ne saboda nan baƙin Basha ke sauka daga karusa ana yi musu maraba. Maraba, Ustaz! Haka jikokin suka gaya mata. Samari masu keke mai ƙafa uku kuwa sun ɗauka tsohuwar tasha ce.

Na ce mata, "In kika ɗora bulo ɗaya a gidan nan, kada ki tsaya a kan gawata." Ta ce, "Baba, rufin nan kan yaran da ke ƙwallo a ciki zai faɗo. Kuma kai da kake so ya rushe, me ya sa kullum kake ce wa mai keke ya sauke ka kafin katanga?" Na ce likita ne ya ce in riƙa miƙe ƙafa. Ta dube ni, ta naɗe zanenta. Tun ranar ba ta shigo ba. Ran Juma'a sai dai in tarar da tukunyar miyar lalo da zomo a bakin ƙofa.

A wurin shan shayi kowa aikin yi yake hango wa ɗansa. Abokina Girgis ne kawai ke ce mini, "A bar wa jemagu, kai tsoho. Duk ƙauyen nan su kaɗai ne ba su taɓa sauka ba." Dagaci ya kira taro bayan sallar Juma'a mai zuwa, ya ce abin da na faɗa shi za a bi, tunda masu tuna zamanin sun ƙare. In na ce a'a, na kashe wa Nahla babban aikinta na farko, ita ma na rasa ta. In na ce to, na shafa fenti a inda uwata ta dafa, baƙi su zo su yi hoto. Shekaru na yi ina koya wa yara cewa zamanin Basha ya wuce, ashe jar dara kawai masu gidan suka cire. Ban ga amfanin karatun da bai hana ƙafata sauka ba. Me zan ce a taron?

Ɗan Mai Jaki, Buhaira

Amsa:

Wa alaikumus salam, Ustaz. Allah ya jiƙan mahaifiyarka, ya kai haske kabarin mahaifinka.

Kana da gaskiya a abu guda, kuma ba ƙarami ba ne. Rubutun ƙofar nan ƙarya ne. An ɗauki tsawa an mayar da ita maraba, wannan kuwa zalunci ne na biyu. Kada ka yarda da shi, ko da 'yarka ce ta zana.

Amma ka sake karanta wasiƙarka. Ka ce ba ka taɓa ba kowa labarin ba. Nahla ta tambayi waɗanda suke magana, ta rubuta abin da ta ji. Mai gaskiyar labarin yana gida ya yi shiru, sannan ya yi mata barazana da gawarsa. Ita har yau ba ta san kakarta ta dafa katangar nan ba.

Rushewar gidan kuma ba za ta rama maka ba. Ya daɗe yana ruɓewa, kai kuwa ba ka daina sauka ba. In ya faɗi, sunan Inzil zai rage ba shaida, labarin tasha ne zai ci nasara. Kada ka manta kuma a cikinsa ka koyi harafin da ka rubuto mini da shi. Kana da rabo a gidan nan fiye da jikokin da ba su san warin takinsa ba.

Kafin Juma'a ka ɗauki tukunyar nan ka mayar wa Nahla da kanka. Ka janye maganar gawa, ba magana ce ta uba ba. Ka kai ta katangar, ka ba ta labarin tun daga "Sauko, uwar yara."

A taro ka ce a gyara, bisa sharaɗi. A rubuta ainihin ma'anar sunan a ƙofa, da kalmominka. A bar wani yanki na katangar yadda yake, ba fenti. Ɗakin karatun ya zama na 'yan ƙauye, ta babbar ƙofa za su shiga. In jikokin suka ƙi, ka ce a'a da zuciya ɗaya, ina kyautata zaton injiniyarsu za ta tsaya a bayanka.

Ban yi maka alkawarin ciwon zai warke ba, wani ciwon da shi ake tafiya. Amma ranar da aka buɗe ƙofar, ka ari jaki, ka hau, Nahla ta riƙe igiyar. In ya tsaya a katanga, ku jira shi. Kai dai kada ka sauka.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya daidaita ka da 'yarka.

Hilmi