Likkafanin Babana Yana Ƙasan Akwatina

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da masu karatu, Allah ya ƙara muku lafiya. Ina roƙon a ɓoye sunana, kuma don Allah a karanta har ƙarshe kafin a zage ni. Ban ce ban cancanci zagi ba, amma ba shi nake nema ba, don wanda nake yi wa kaina ya ishe ni.

A unguwar Ajilari aka haife ni, iyayena Kanawa ne da suka daɗe a Maiduguri. Baba wankin hula yake yi, amma abin da unguwa ta san shi da shi wankan gawa ne. Ko yana tsakiyar cin abinci aka yi sallama aka ce wane ya rasu, zai wanke hannu ya fita. Da ya je Makka ya sayo farin yadi, ya jiƙa shi da ruwan Zamzam, ya shanya, ya kawo wa Umma ya ce ta adana masa, da shi za a rufe shi. Duk azumi sai Umma ta fito da shi ta turara da turaren wutan da take haɗawa da kanta, ta mayar. Baba yakan yi mata tsiya ya ce, "Hajiya, wannan ƙamshi haka, ango za ki kai ko gawa?"

Lokacin korona na gama jami'a ke nan ina zaune a gida. Ni ne mai karance-karance a waya, ni ne mai hana kowa gaisawa da hannu. Baba ya fara tari, numfashi ya yi masa wuya, muka kai shi asibiti, aka wuce da shi wurin killacewa. Kwana biyar aka kira aka ce ya cika, kuma su za su shirya shi, ba za a ba mu shi ba. Umma ba ta yi kuka a gabana ba. Ta shiga ɗaki ta fito da yadin a cikin leda ta ce, "Ungo. Tunda sun hana mu wanke shi, kada su hana shi kayansa. Ka tsaya ka gani da idonka."

Na kira Baffa, ƙanin Baba, ya ce hawan jini gare shi, in je zai biyo ni. Bai biyo ni ba. Maƙwabtan da Baba ya wanke wa iyaye da 'ya'ya kuwa, ko ƙofa ba wanda ya buɗe. Ni kaɗai na je.

A bakin ƙofar wurin na ji wasu suna cewa duk wanda ya ce shi ɗan gidan mamaci ne, riƙe shi ake yi mako biyu, a je gida a kwashe sauran. Ban san ko gaskiya ba ne, kuma ban tambaya ba. Sai wani dattijo ma'aikaci ya fito sanye da fararen kayan nan, ya kira sunan Baba, ya dube ni ya ce da Hausarsa ta Barebari, "Tadanyi, ɗana, kai ne ɗansa? In kai ne, zo mu sa maka kaya ka shiga, ka yi masa salla tare da mu. Akwai abin da kuka kawo masa?"

Na ce, "A'a, Baba. Ni maƙwabci ne. Aiko ni aka yi in ji."

Ledar tana hannuna a bayana. Ya daɗe yana kallona, wataƙila ya ga kama, don kowa yana cewa fuskar Baba na ɗauko. Ya ce, "To, maƙwabci, Allah ya ba ka ladan zuwa." Ya juya ya shiga. Me ya hana ni ko miƙa masa ledar? Ai maƙwabci ma ana iya aiko shi da likkafani. Na yi wa kaina wannan tambaya ba adadi. Ina ga tsoro na ji kada in miƙa masa ya sake tambayata. Da suka fito da gawar na bi motarsu daga nesa har maƙabarta, na tsaya a bayan katanga. Mutum biyar suka yi masa salla, babu ko ɗaya da ya san shi. Ban san da me suka rufe shi ba.

Da na dawo Umma ta ce, "An sa masa?" Na ce an sa. Ta ce, "Ka gani?" Na ce na gani. Ta ce alhamdulillahi, sannan ta fashe da kuka. Ba a yi zaman makoki ba, ta waya aka riƙa yi mana gaisuwa. Da aka ɗage dokar kulle gari ya buɗe, Baffa ya zo da babbar rigarsa yana faɗa wa mutane yadda "muka tsaya tsayin daka" har aka rufe yayansa da likkafaninsa. Na so in tashi in tona shi, amma da wane baki? Shi bai je ba, ni na je na ce ba ubana ba ne. Wa ya fi wani a cikinmu?

Yadin yana ƙasan akwatina, ƙarƙashin takardun makaranta, a ɗakin da nake haya a Galtimari. Na kasa yarwa, na kasa bayarwa sadaka, don gani nake ba nawa ba ne.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, yanzu Umma ce kwance da ciwon ƙoda, kuma likita ya ja ni gefe ya ce mu yi ta addu'a. Makon jiya ina ba ta kunu ta ce, "Ka nemo min mai zuwa Umra ya kawo min irin na babanku. Shi ya tafi da nasa, ni ce zan je masa haka?" Na nema, wanda na samu sai bayan wata biyu zai tafi, kuma ban ga alamar tana da wata biyu ba, Allah dai shi ne masani.

Na san wasu za su ce likkafani ba ya kai mutum Aljanna. Na sani, na tambayi malami a fakaice ya faɗa min haka. Amma Umma da wannan ta yi haƙuri duk shekarun nan, duk wanda ya zo shi take faɗa masa. Na yi tunanin in kai mata na Baba in ce sabo ne. Ba zai yiwu ba, turarenta ya kama shi, tana buɗe ledar za ta gane. Na yi tunanin in wanke shi, sai na ga Zamzam ɗin zan wanke, in miƙa mata yadi kawai da ƙarya ta biyu. Na yi tunanin in yi shiru har ta cika sannan in fito da shi, amma yayyena mata ne za su yi mata wanka, su ma sun san ƙamshin, kuma ita za ta tafi tana zaton na kasa cika mata buri ɗaya. In kuma na faɗa mata gaskiya, zan ba ta abin da take so, in ƙwace mata abin da ta dogara da shi, ta mutu tana sane da ɗan da ta haifa.

Jiya ta sake tambayata ko na samu. Na ce ina kan nema, Umma. Ta ce in hanzarta.

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?