Na Rubuta Sunansa a Gefen Shafi

Anti Loretta, don Allah ki taimake ni.

Shekarata arba'in da shida, ina tsara wa direbobi hanya a wani kamfanin manyan motoci a garin Duluth. Muna da wata al'ada a ofis: Marlene, sakatariyarmu, takan sayi littafi ɗaya duk wata, ta jera sunayenmu a cikin bango, in ka gama ka miƙa wa na gaba. Na wannan watan labarin soyayyar wasu maza biyu ne masu aiki wuri ɗaya. Da ta kawo shi har da ni aka yi dariya. Na kai shi gida, sai ga ni ina kuka a teburin cin abinci kamar an yi min rasuwa. Ba wani kyau ya yi na a zo a gani ba, ƙarshensa ma ƙarya ce tsagwaronta, ina aka taɓa ganin ofis guda ya miƙe yana tafa wa masoya? Amma ni ne a ciki, Anti. Maza nake so, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba, har mahaifiyata ta rasu ba ta sani ba.

Shekara bakwai teburin Wendell yana kallon nawa. Kullum da kofi biyu yake shigowa. Da sanyi tare muke zuwa kamun kifi a tafkin da ya daskare, mu huda ƙanƙarar mu jefa ƙugiya, mu share awa huɗu ba wanda ya ce uffan. Ya rabu da matarsa tuntuni, ban san abin da ke ransa ba.

Ni kuma ga shegen halin rubutu da fensir a gefen littafi. Wajen sau biyar na rubuta "Wendell ke nan." Can gaba na rubuta, "Shekara bakwai ina son in faɗa maka wannan." Niyyata in goge. Na ajiye shi a tebur na fita duba wata mota, kafin in dawo Marlene, sarauniyar azarɓaɓi, ta ɗauka ta ba na gaba. Wendell ne na gaba!

Bai ce min komai ba. Kofi yana zuwa, amma ba ya haɗa ido da ni. Ran Talata na ji yana gaya wa Marlene wai littafin ya faɗa masa a ruwa, ya sayo sabo ya ba Doreen, wadda ke bin sa a jerin. Na tabbata ƙyama ya ji, ya jefa shi a shara. Na rubuta takardar ajiye aiki, tana cikin durowata. In miƙa ta ran Litinin? Wallahi ba ni da kowa a garin nan sai shi.

Mai Fensir, Duluth

Mai Fensir, ka bar takardar nan a durowa.

Ka sake karanta abin da ka rubuto min. Da Wendell ya so ya tozarta ka, da littafin nan mai rubutunka zai miƙa wa Doreen, kafin a tashi aiki kowa ya gama ji. Sai ya yi wa Marlene ƙarya, ya tafi kanti, ya sayo sabo. Rufa maka asiri ya yi.

Amma kada ka ɗauka hakan na nufin yana son ka irin son da kake yi masa. Wataƙila, wataƙila a'a. Shi ma ka tausaya masa: magana mai nauyi ta faɗo masa a hannu ba shiri, kuma dole kullum ya zauna yana kallon ka. Kau da idon nan na iya zama kunya kawai, ko rashin sanin ta inda zai fara.

Kada ka yi maganar a ofis. Ka gayyace shi kamun kifi, ka gode masa, ka ce ba haka ka so ya ji ba, kuma ba ka neman komai a wurinsa. Daga nan ka yi shiru, ai kun saba. In ya ce abota kawai, ka karɓa, kada ka sake tayar da zancen. Ka kuma nemi mutum ɗaya da za ka riƙa buɗe wa cikinka, don kayan nan sun yi wa Wendell shi kaɗai yawa.

Ina yi maka fatan alheri. Gobe in ya ajiye kofin, ka ɗaga kai ka dube shi, ka tambaye shi ko littafin nan da ya ce ya faɗa a ruwa ya bushe.

Loretta