Yadda Na Fassara "Da Sauƙi"

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin wanda kika koya mana, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ce autarki, Ramatu, daga Greensboro. Shekara huɗu ke nan da rasuwarki ban taɓa rubuta miki ba, sai yau da na duba ko'ina na rasa wanda zan gaya wa wannan magana.

A waya nake rubutawa, ina zaune a ɗakin jira na asibiti, ƙarfe sha ɗaya na safe. Maganar ɗanki ce, Yaya Lawali. Na san har kika koma ga Allah bakinki bai taɓa kama sunansa ba saboda ɗan fari ne, sai dai ki ce "wancan mai taurin kan". To, wancan mai taurin kan ne suka tura ciki yanzu a kan gado mai taya, za su ɗauki hoton jijiyoyin wuyansa. Sun ce in jira a nan.

Bari in faro miki daga farko, don ba ki san ciwon ba. Bayan rasuwarki ya same shi. Aikin mangaza yake yi, wato babban ɗakin ajiyar kaya, yana ɗaga kwalaye yana loda manyan motoci tun safe har yamma, kuma kin san shi, abin da mutum biyu za su ɗauka shi kaɗai yake cewa a bar masa. Wata rana ƙugunsa ya riƙe, ciwon ya gangara ta cinya har ɗan yatsan ƙafa. Likita ya ba shi ƙwayoyi, suka riƙa sa shi barci a tsaye suna ƙona masa ciki. Aka tura shi wajen masu koyar da motsa jiki, ya je sau biyu ya ce shi ba yaro ba ne da za a sa shi birgima a tabarma.

Shekara biyu yana salla a kan kujera. A masallaci akwai layin kujeru a gefe, na tsofaffi, a nan yake zama, mutumin da bai kai hamsin ba. Bai taɓa yi mini ƙorafin ciwon ba. Sau ɗaya kawai, muna cin tuwo a gidana, ya ce, "Ramatu, goshina ya manta ƙasa." Daga nan ya ci gaba da cin abincinsa.

Alhaji Isufu, mai shagon da muke sayen gero da daddawa a titin Gate City, shi ya kawo maganar. Akwai masu wani aiki a nan da ake kira kairofirakta, suna danna ƙashin baya da hannu, suna murɗa gaɓoɓi har su yi ƙara. Sunan ya fi ƙarfin bakin Alhaji, sai ya ce mai ɗorin Turawa ne. Kalmar nan ita ta kama Yaya. Kin tuna tsohon nan mai ɗori na unguwarmu a Maraɗi, wanda ya ɗaure masa hannu da karare lokacin da ya faɗo daga katangar gidan Baba Idi? Shi ya tuna. Ban ce masa wancan karyayyen ƙashi yake haɗawa ba, wannan kuwa wani abu ne daban. Ni ma ban tsaya na yi tunanin ba.

Ni ke raka shi, don har yau Turancin Yaya bai wuce na gaisuwa da na wurin aiki ba, Faransancinsa kuma ba wanda yake ji a nan. Ranar farko suka ba mu takarda mai shafi huɗu. Na karanta ta a gurguje, ina duba agogo kada in makara aiki. Idona ya wuce ta kan wani layi da ke cewa murɗa wuya, a wasu lokuta da ba su cika faruwa ba, yana iya haɗuwa da shanyewar ɓarin jiki. Na gani, Inna, ba zan ce ban gani ba. Abin da na gaya wa Yaya shi ne sun ce ya sa hannu a nan.

Ba na son in zalunci mutumin, mai ɗorin Turawan da muka je wurinsa, a gabanki. Mai ladabi ne, yana wanke hannu, yana bayani da wani ƙashin baya na roba da ke rataye a ofishinsa. Kuma ƙugun ya saki. Ban san ko hannunsa ne ko lokacin sakin ne ya yi ba, amma ya saki. Bayan 'yan makonni, wata Juma'a, Yaya ya biyo ta gidana daga masallaci, ya tsaya a ƙofar kicin yana nuna mini goshinsa, da shaidar darduma a kai. Ya bar layin tsofaffi. Na yi guɗa a hankali saboda maƙwabta, na juya baya ina wanke tukunyar da na riga na wanke don kada ya ga idona.

Da ma a nan muka tsaya. Amma Yaya ya ce wuyansa ma yana sagewa, a haɗa da shi. Mutumin ya kwantar da shi rigingine, ya tallabi kansa da hannu biyu kamar mai duba kankana a kasuwa, ya juya shi a hankali, sai ya fizga. Na ji ƙarar daga inda nake zaune. Yaya ya tashi yana dariya yana kaɗa kai, ni kuwa na tarar na danne jakata a ƙirji.

Ga inda laifina yake. Duk zuwan da muka yi, kafin ya taɓa shi sai mutumin ya tambaya: yaya jiki tun wancan zuwan, akwai ciwon kai, akwai jiri? In juya wa Yaya da Hausa. Yaya ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ni kuma in juya in ce "beta", wato kalmarsu ta cewa jiki ya fi jiya. Mutumin ya rubuta, ya naɗe hannun riga. Sau uku aka yi haka a kan wuyan.

Ke kika koya mana wannan amsa. Ina da shekara bakwai, zazzaɓi ya kwantar da ni, Anti Mariya ta zo dubiya ta ce ya jiki, na ce yana ciwo sosai. Kika miƙo hannu ta ƙarƙashin zane kika mintsine ni a cinya. Da ta tafi kika ce, "Ba a ce wa mai gaisuwa haka. Da sauƙi ake cewa, ko yaya ne." Tun daga ranar ban ƙara kuskure ba, Yaya kuwa ya fi ni haddacewa.

Ita ce kuma amsar da kika ba ni a waya, ranar da na ce zan nemi hutu in taho gida. Muryarki tana fita ƙasa-ƙasa, kika ce da sauƙi, in bari sai bayan salla. Na yarda don ina son in yarda. Kwana uku bayan nan aka kira ni ina wurin aiki.

A gida kowa ya san yadda ake jin kalmar. Mai dubiya yana jin "da sauƙi" da kunne, yana duba ido da leɓe da yadda mutum yake numfashi. Tsohon nan mai ɗori ma ba ya tambayar baki, dannawa yake yi yana kallon fuska. A nan kuwa abin da baki ya faɗa shi ake rubutawa, kuma da shi ake aiki. Ni da nake tsakiya na san duka biyun, amma na ɗauki gaisuwa na miƙa musu a matsayin labari.

Ran Lahadi na fara gani. Ya yi azahar a falona, ya yi sallama ta dama lafiya, da zai yi ta hagu sai ya juya kafaɗunsa gaba ɗaya maimakon wuyan, sannan ya dafa ƙasa da tafin hannu ya daɗe a haka. Na tambaye shi, kin san abin da ya ce. Da na matsa, ya ce wani ciwon kai ne a ƙeya, ta hagu, wanda bai saba ji ba, amma ba komai. Ran Litinin yana tuƙi a Gate City layin titi ya zame masa biyu, ya faka gaban masu sayar da motoci har ya wuce. Ya ce yunwa ce, yana azumi. Sai jiya ya gaya mini, shi ma cikin raha.

Yau da safe na ba wata tsohuwar nas labarin a wurin aikinmu, gidan kula da tsofaffi, muna shan shayi. Ta ajiye kofinta. Ta ce akwai jijiyoyin jini da suke bi ta cikin ƙasusuwan wuya zuwa ƙwaƙwalwa, kuma wani lokaci bangon ɗaya yakan tsage, jini ya daskare a wurin, gudan ya ɓalle ya tafi sama. Ta ce mutane da yawa ana murɗa musu wuya ba abin da ke samunsu, kuma likitoci kansu suna jayayya ko murɗawar ce ke tsaga jijiyar, ko kuwa ta riga ta fara tsagewa ciwon ya kai mutum wurin murɗa. Amma ta ce mai irin waɗannan alamu ba ya jiran gobe. Sai ta tambaye ni yaushe ne zuwansa na gaba. Ƙarfe goma na yau ne, Inna, kuma ya ce zai je shi kaɗai tunda ya iya faɗin "beta" da kansa.

Kin san aikina. Mutanen da ɓarin jikinsu ya mutu nake wa wanka kullum, ina ba su abinci da cokali ina share abin da ya zubo ta gefen baki. Na bar shayin nan, na ɗauki makullin mota.

Na same shi yana sa takalmi. Mun yi rigima irin wadda ba mu taɓa yi ba. Ya ce mutumin nan ne ya mayar masa da sujada bayan asibiti ta shekara biyu tana ba shi ƙwayar barci, ya ce so nake in mayar da shi kan kujera, ya ce na zama Baturiya mai tsoron inuwarta. Kuma ba duka ya yi ƙarya ba. Na tsaya ina auna goshin nan mai shaidar darduma da hannun nan da ya dafa ƙasa ran Lahadi. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Yaya, Inna ma da sauƙi ta ce."

Ya sunkuya zai ɗaure igiyar takalmi, hannunsa na hagu ya wuce ta gefenta, ya sake gwadawa ya sake wucewa. Muka kalli hannun tare. Ya bar takalmin a kwance ya bi ni zuwa mota.

A hanya na kira ofishin mutumin in soke randebu, wato zuwan ƙarfe goman nan. Da na faɗi dalili aka ba shi wayar da kansa, ya ce mu wuce asibiti kai tsaye kada mu tsaya ko'ina. Sannan ya tambaya, a hankali, me ya sa ba wanda ya gaya masa.

Da muka iso, nas ɗin da ke karɓar marasa lafiya ta tambaye shi yaya yake ji. Ya gyara zama, ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ta juyo ta kalle ni. Sai na ji kamar yatsunki a cinyata. Na buɗe baki na faɗi ƙeyar, na faɗi titin da ya zama biyu, na faɗi sallamar, da igiyar takalmin, da murɗa wuya sau uku. Yaya ya saurara yana jiran kalmar da ya sani, bai ji ta ba. Ya kalle ni kallon wanda aka tona wa asiri a cikin mutane.

A asibitin nan mutum yakan zauna awa da awa kafin a kira shi. Mu ba su bari mun zauna ba. Kafin in gama magana ta danna wani abu, mutum biyu suka fito da gado. Saurin nan nasu shi ne ya fi ba ni tsoro, kuma har yanzu ƙofar ba ta buɗe ba.

Ina jin haushinki kaɗan, Inna, ki yafe mini. Na san ladabi kika koya mana, da godiya ga Allah, da rashin ɗora wa mutane nauyi. Amma da kin ce mini babu sauƙi, da na same ki da rai. Ina kewarki ƙwarai yau. Da kina nan da kin zauna kusa da ni kina jan carbi, ba za ki kira sunansa ba, amma kowace ƙwaya tasa ce.

Ban san abin da hoton zai nuna ba. Ban sani ba ko zai fito da ƙafarsa, ko kuma goshin zai sake manta ƙasa, wannan karon ta hanyar da na fi kowa sani. Hajara matarsa ta kira daga Maraɗi sau biyu ban ɗauka ba, ga shi tana kira na uku. Za ta ce ya jikin maigidan. Amsar tana nan a kan harshena, a shirye, yadda kika ajiye ta. Zan haɗiye ta in gaya mata ta tara yara su yi addu'a.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki Ya yafe mana. Allah Ya tsare jijiyar nan, Ya fito mini da ɗanki yana magana, ko da faɗa zai yi mini. Allah Ya ba shi sauƙi, na gaske.

'Yarki da ta saɓa miki yau,
Ramatu