Kwalbar Yara Goma

15 ga Nuwamba, 2022

Zuwa ga mahaifiyata, Dona Quitéria,

Mainha, ina neman albarkarki. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, da fatan gwiwar nan ta bar ki kina barci. Yaya kaji, yaya zafin rana? Surukinki Josenildo yana gaishe ki. Tunda kunnenki ya ƙi waya, zan ci gaba da ba Seu Damião direba takarda duk ranar da motarsa za ta bi ta ƙauyenku.

Allurar korona ta ƙananan yara ta iso garinmu. Na rubuta wannan layin, na daɗe ina kallonsa. Jikarki Nicinha ta kusa shekara uku, kuma tun da aka yi mata aikin zuciya ba ta san fuskar kowa ba sai tawa da ta ubanta da ta likita. Ke kanki rabonki da ɗaukarta tun tana jaririya. Kowa ya yi allurarsa har ya manta, an jefar da takunkumi, an shafa wa titinmu fenti kore da rawaya, launin tutarmu, saboda gasar ƙwallon duniya. Mu kaɗai muka rage a bayan ƙofa. Har yau in Josenildo ya dawo daga gidan burodi, sai ya yi wanka da bokiti a bayan gida kafin ya shigo.

Jiya na bar masa ita, na tafi asibitin unguwa da takardar likita. Dona Zuleide, nas ɗin da ke yin allura, ta buɗe firji ta nuna mini kwalaben. Guda biyu ne, ko wacce ba ta kai babban yatsana ba. Sannan ta ce ba za ta iya yi wa Nicinha ba. Kwalba ɗaya ta yara goma ce, kuma in an huda ta da safe, kafin dare ta lalace. An hana su buɗewa saboda yaro ɗaya. An yarda a cike da yara masu lafiya 'yan ƙasa da shekara uku, amma babu uwar da ta kawo nata. In wata ya ƙare ba a buɗe ba, birni za a mayar da su.

Ta ce da ni, "Gildete, kawo mini tara, ni kuma in huda. Iyakar ikona ke nan."

Mainha, ni da na rufe wa kowa ƙofa, yau ni ce zan bi gida-gida ina ƙwanƙwasawa. Ban san da wane baki zan fara ba. Ki sa mu a addu'a.

'Yarki,
Gildete

23 ga Nuwamba

Mainha, ina neman albarkarki. Da fatan kin tashi lafiya. Cukun da mazarƙwailar da kika aiko sun iso, mun gode.

Na fara yawon. Ina tsayawa daga bakin ƙofa da takunkumina, in faɗi abin da na shirya tun daga gida. Wani ya ce korona ta mutu tun bara, in je in huta. Wata ta ce ba za a gwada magani a jikin ɗanta ba. Wata kuma ta yi mini kirki, ta kawo kofi, na ce ba zan iya cire takunkumi in sha ba, sai fuskarta ta canja. A kwana uku yara biyu na samu. Wataƙila ni ce ban iya magana ba. In na dawo gida na zauna ina rubuta yadda ranar ta kasance, sai in ga duk inda na yi kuskure.

Daga ƙarshe na je wurin Marinalva, uwar baftismar Nicinha, wadda na hana shiga gidana tun farkon annoba. Saboda baftismar nan ne muke kiran juna comadre. Tana zaune a shagonta tana gyara wa wata farce. Ko ɗaga kai ba ta yi ba ta ce, "Ku ga mai gadin kurkuku ta fito shan iska. Wa kika bar wa mabuɗi, comadre?" Matan shagon suka yi dariya, ni ma na yi, amma ba wanda ya gani saboda takunkumi.

Da na gaya mata abin da ya kawo ni, ta ɗago kai ta dube ni. Can ta ce in rubuta tagwayenta, ƙarin biyu ke nan. Ta ce sauran in bar mata, domin macen da hannunta ke cikin nata, farce bai bushe ba, ba ta da inda za ta gudu sai ta ji wa'azi har ƙarshe.

Yau ta aiko cewa tara sun cika. An sa ranar Laraba mai zuwa, saboda ba a wasan ƙwallonmu ran nan. Ya kamata in yi murna, amma ga abin da ke damuna: ɗakin jira ƙarami ne, taga ɗaya, kuma zan shiga da Nicinha cikin yara tara masu majina. Abin da na yi shekaru ina gudu, ni na tara shi da hannuna.

Ki gaida Inna Severina.

'Yarki,
Gildete

1 ga Disamba

Mainha, ina neman albarkarki. Da fatan kina lafiya. Kada hankalinki ya tashi, Nicinha tana samun sauƙi. Amma ba a yi mata allurar ba.

Jiya da safe na taɓa goshinta na ji zafi. Na auna, na sake aunawa, na canja hammata, duk ɗaya. Zazzaɓi ne, kuma na san ba a yi wa mai zazzaɓi allura.

Zan gaya miki abin da ya zo mini a rai. Maganin zazzaɓi yana kan tebur. In na ba ta, kafin mu isa asibiti jikinta ya yi sanyi, ba wanda zai sani. Na buɗe murfin har na zuba a cokali. Josenildo yana tsaye, ya dubi tabon aikin da ke ƙirjinta. Na ba ta maganin don jikinta, sannan na tafi asibitin ni kaɗai na faɗi gaskiya.

Duk taran sun zo, an yi musu ado kamar za su coci. Dona Zuleide ta tambaye ni ko a ɗage. Na dubi matan nan, wata ta bar tukunya a wuta, wata ta roƙi izini a wurin aiki. Na san ba za su taru sau biyu ba, ga wata ya ƙare. Na ce ta huda. Ina tsaye a waje ina jin kukansu ɗaya bayan ɗaya, ina ƙirgawa.

Dona Zuleide ta ajiye kason allurar Nicinha har yamma ko zazzaɓin zai sauka ya bar ta. Ya sauka, ya dawo. Da lokaci ya cika aka zubar. An gwada Nicinha, ba korona ba ce, makogwaro ne.

Saura hanya ɗaya. Yaran nan tara sai an yi musu allura ta biyu bayan mako huɗu, don haka kwalba ta biyu za ta zauna a firji, kuma akwai kaso ɗaya a cikinta da ba mai shi. Amma in kaɗan suka dawo, birni za a tura su, kwalbar ta bi su. Ranar kuwa ta faɗa tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara, lokacin da rabin gari ke tafiya bakin teku. Yau ma na ji yara biyu sun kwana da zafin jiki, uwar ɗaya tana rantsuwa ba za ta koma ba.

Ban sani ba ko na yi daidai, Mainha. Ke da me za ki yi?

'Yarki,
Gildete

29 ga Disamba

Mainha, ina neman albarkarki. Barka da Kirsimeti, da fatan kin yi shi lafiya.

Makon da ya wuce na sake bin gidajen. Uku a kulle. Na je wurin Marinalva, ta ce in tafi gida, ina tsorata mata masu gyaran farce da wannan fuskar jana'iza.

Jiya muka tafi da Nicinha, ubanta yana ɗauke da ita. Na leƙa ɗakin jira, babu kowa. Kujeru ne kawai da fanka tana juyawa. Na tsaya a bakin ƙofa.

Sai Josenildo ya taɓa ni, ya nuna mini tsallaken titi. Suna can ƙarƙashin mangwaron dandali, iyaye da yara, da tsakar rana. Kowace uwa da tsohon takunkumi da ta tono daga ƙasan akwati, wani ya koɗe, wani igiyarsa ɗaurin hannu ce. Har wadda ta yi rantsuwa tana nan. Wata daga bakin teku ta taho a motar asuba, fatar hancinta tana saɓewa saboda ƙunar rana. Marinalva ta ɗaga murya daga can ta ce, "Ku shiga, comadre, mun bar muku ɗakin. Amma ku yi sauri, kitsena yana narkewa."

Dona Zuleide ta fito ta ƙirga su. Takwas ne, ɗaya bai dawo daga tafiya ba. Ta sake ƙirgawa, ni ma ina ƙirgawa a zuci. Sai ta cire tabaraunta ta sa a aljihu, ta ce yau idonta ba ya gani sosai, ita dai taro take gani. Ta shiga ta buɗe firji.

An yi wa Nicinha, Mainha, a cinyar hagu. Ta yi kuka kaɗan. Da muka fito sai ta zuba wa yaran da ke tsallake ido. Ba ta taɓa ganin mutane masu tsawonta ba. Ɗaya daga cikin tagwayen ya ɗaga mata hannu, ta dubi nata hannun, sannan ta ɗaga. A hanya ta tambaye ni ko gobe ma za su zo. Na riƙe hannunta, muka ci gaba da tafiya.

Saura allura biyu, kuma ban san wace kwalba za a buɗe mata ba. Dona Zuleide ta ce in bar Janairu ya zo da nasa. Ban sa miki ranar zuwa ba tukuna, kin san halina. Amma yau na sauko da ragar kwananki, wadda ake ratayawa kamar lilo, na wanke, tana shanye a bayan gida. Ki gaya wa Seu Damião ya fara ajiye miki kujerar kusa da taga.

'Yarki mai kewarki,
Gildete