Bututun Roba a Gidan Yaya Kaltumi

Litinin, 3 ga Maris 2003
Yaya Kaltumi ta aiko a kira ni, wai famfon tsakar gidanta yana cizonta in ta zo alwala. Na je, na murɗa, na kama shi da hannu biyu, ban ji komai ba. Na ce mata tsufa ne. Shekara talatin da ɗaya ina gyaran famfo a Garwa, ban taɓa ganin mai haƙora ba.

Laraba, 5 ga Maris
Eugène, malamin makarantar da ke haya a ɗakinta na waje, shi ma ya ce ya ji. Mutumin da ko guduma bai iya riƙewa ba. Wai zai kawo mai gyaran lantarki. Ya kawo mana, mu sha kallo.

Alhamis, 6 ga Maris
Ashe mace ce. Véronique sunanta, ta gama lise teknik, makarantar koyon sana'a, shekaranjiya shekaranjiyan nan. Wando, hular hana sallah, da jakar kayan aiki wadda ta fi ta nauyi. Ta gaishe ni da Fillanci, ba laifi, sannan ta zaro wani ɗan sukundireba ta dangwala a famfo, gindinsa ya yi ja. Ta ce, “Baba, akwai kuran a cikin ƙarfen nan.” Kuran, wai wutar lantarki. Na ce yarinya, ruwa ke cikin bututu, wuta tana cikin waya, haka muka taras da duniya.

Ta bi bututun da ido har bakin mitar ruwa, ta tsuguna, ta tambayi wanda ya sa na roba a nan. Na ce ni ne, a watan Janairu, na ƙarfen ya ci tsatsa. Sai ta ce a kashe injin da ke tura ruwa tanki har ta dawo ran Talata. Na ce wa Yaya kada ta biye mata. A wannan zafin za a hana tsohuwa ruwa saboda fitilar sukundireba? Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Asabar, 8 ga Maris
Eugène ya kashe injin, na je na kunna. Gidan 'yar'uwata ne, ba na ubansa ba.

Lahadi, 9 ga Maris
Yaya tana asibiti.

Litinin, 10 ga Maris
Jiya da azahar abin ya faru. Ta tuɓe silifas, ta tsaya kan jiƙaƙƙen siminti, ta kama famfo, hannun ya ƙi saki. Eugène ne ya ruga ya sauke wutar gidan daga mita. Tafin hannunta ya ƙone, ƙugu ya bugu, amma da ranta, alhamdu lillahi. Matan unguwa suna ta cewa iskokin makwarara ne, har an fara neman turare. Su ma dai.

Da na shiga wurinta a asibiti Yaya ta ce, “Iliyasu, ka ce tsufa ne.” Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Talata, 11 ga Maris
Na riga kowa zuwa gidan. Na mai da wuta, na kunna injin, na tsaya ina kallon takalman robar da ke ƙafata, waɗanda ba na rabuwa da su wurin aiki. Na tuɓe su. Na taɓa famfon da bayan yatsa. Har cikin haƙorina na ji shi.

Da Véronique ta zo ban gaya mata ba. Ta buɗe injin, ta nuna waya da ta goge tana taɓa ƙarfe. Ta ce wanda ya ja wutar gidan tun da can ya ɗaure wayar ƙasa a jikin bututun ruwa, don in wuta ta ɓalle ta bi ƙarfe ta nutse a ƙasa. Da aka yanke ƙarfen aka sa roba, hanyar ta katse, wutar ta tsaya cikin famfo tana jiran mai ƙafa a jiƙe. Tana bayanin tana kallon bututun, ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Iyayi.

Alhamis, 13 ga Maris
Yau aka yi bikin. Rami kamu uku, sandar jan ƙarfe, gawayi, gishiri, kamar za a yi wa ƙasa miya. Véronique ta bi kowane bututun ƙarfe na gidan ta ɗaure da waya mai kore da rawaya, ta kai su ga sandar. Ramin ni na haƙa, don na ga yadda take riƙon diga abin kunya ne. Ta ce ƙasar Garwa in ta bushe ba ta shan wuta, sai a riƙa zuba wa wurin ruwa har damina ta sauka. An koma ban-ruwan ƙarfe ke nan.

Asabar, 15 ga Maris
An sallamo Yaya. Ta tambayi yarinyar abin da ya jawo, ina tsaye. Ta ce, “Mama, injin ne ya lalace, an gyara.” Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ban roƙe ta ba.

Yaya ta ƙi taɓa famfon. Na tuɓe takalmi na kama shi a gabanta, na cika mata buta.

Juma'a, 21 ga Maris
Kullum da safe ina biyawa in zuba wa sandar bokiti guda. Hanyata ce dama.

Bayan masallaci na zauna ina tuno gidajen da na yanke wa ƙarfe na sa roba tun bara. Goma sha ɗaya na tuna, daga unguwar Yalwa har Lofere. Gidan Youssouf mai shayi har da injin tanki, ga 'ya'ya ƙanana suna wasa bakin famfo.

Na bi ta shagon Véronique. Har yanzu surutun Faransancinta yana hawar mini kai. Gobe ƙarfe bakwai za mu fara da gidan Youssouf. Jakar nan ta yi mata nauyi, ni zan ɗauka.