Sunan Gwaggona Ya Tsayar Mana Da Shafi

Assalamu alaikum Anti Halima Sa'adiya. Don Allah ki taimake ni da shawara, hankalina ya ƙi kwanciya.

Ni 'yar Gwarzo ce, na karanta kwamfuta. Ni da ƙawata Emily, wadda iyayenta suka zo koyarwa daga Filato tun ba a haife mu ba, muka haɗa wa wata ƙungiyar masu kiwo shafin intanet. Mutum zai shiga da wayarsa ya sa sunansa da ƙauyensa, ranar da likitan dabbobi zai fita rigakafi sai ya san gidajen da zai bi. Muka gwada ya yi aiki, har aka sa mana albarka a taro.

Gwaggona Sa'a tana ƙauyen Durun, awaki ne arzikinta. Surukarta ta shigar mata da suna, shafin ya yi fari fat ya koma farko, suka ɗauka ya karɓa. Likita ya zo Durun, ya wuce ta ƙofar gidanta bai tsaya ba. Da cuta ta shigo garin, akuyar da ta fi ji da ita ta mutu da ciki.

Na bincika, ashe 'yar alamar nan ta sama da ke tsakiyar Sa'a ce ta rikita shafin. Mu kuwa da sunaye irin Musa da Emily muka yi ta gwada shafin. Na gyara, sai sunaye masu harafi mai lanƙwasa irin Maikuɗi suka ɓace. Na gyara wannan, sai mutanen Masanawa suka koma ƙarƙashin Getso. Yanzu tsoron taɓa shi nake yi. Ina cin abinci ina duba waya, ina sallame salla ina duba waya. Na je yi wa Gwaggo jaje, ta ce kwanan akuyar ne ya ƙare, ta dama mini fura, amma ba ta ƙara tambayata aiki ba. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Emily ta ce mu dakatar da komai mu rubuta gwaje-gwaje. Shugaban ƙungiya Alhaji Jalo kuma so yake kafin damina shafin ya fara tura wa mutane saƙo. Na ce mata tsoro ne ya yi mata yawa, ta ɗauki jakarta ta fita, har yau ba ta dawo shagon da muke aiki ba. Anti, in bi Alhaji ko in bi Emily? Ko in haƙura in nemi koyarwa?

'Yarki mai zullumi, Gwarzo.

Wa alaikis salam 'yata. Allah ya mayar wa Gwaggo da alheri. Kada ki bar aikin nan. Wadda ta iya gano inda ɓarakar take za ta iya toshe ta.

Emily na da gaskiya, amma Alhaji ma ba wauta yake yi ba, domin damina ba za ta jira ku ba. Ba sai kun rubuta wa komai gwaji ba. Ku fara da hanyar da ran dabba ya rataya a kanta: mutum ya sa suna, sunan ya isa ga likita, a ƙauyen da ya dace. Akwai manhajoji irin Playwright da ke buɗe shafi da kansu, su cike gurabe, su danna, su gaya miki in abu ya karye. Ki ciyar da su sunayen mutanenku na gaskiya, masu alamar sama da masu lanƙwasa, da gajere da dogo. Duk kuskuren da kika gano, ki fara rubuta gwajin da zai kama shi, sannan ki gyara. Da haka ba zai dawo ta bayan gida ba.

Wannan alamar kuma kada ki raina ta. In har ta iya tsayar da shafi, mai mugun nufi zai iya bi ta nan ya taɓa bayanan mutane. Ku duba yadda sunaye ke shiga ma'ajiyar bayanai tun yau.

Ku riƙa adana kowane gyara shi kaɗai a manhajar Git, don in ya ɓata ku koma baya cikin sauƙi. Ku sa manhajar ESLint ta tsince muku ƙananan kurakurai. Kada gyara ya hau shafin jama'a sai gwaji ya wuce, ɗayarku ta karanta aikin ɗaya. Sannan ku ɗauki ƙaramar waya ku je inda sabis ke yankewa ku gwada. Shafin ya daina yin shiru: in ya karɓa ya faɗa da Hausa, in ya ƙi ma ya faɗa.

Ki je wa Alhaji da maganar akuyar nan kai tsaye. Mai kiwo ne, zai gane. Ki nemi ya ɗaga muku ƙafa, ki sa masa ranar da za ki iya cikawa. Gwaggo ma ki gaya mata abin da ya faru da bakinki, ki roƙi gafararta.

Amma kafin duk wannan, ki je gidan su Emily da ƙafarki, ba ta waya ba. Abin da kika kira tsoro shi ne zai ba ki damar cin abinci waya na cikin jaka. Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa albarka a aikinku.

Antinki, Halima Sa'adiya.