Ni Na Musanya Lambobin Samfurin

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, abin ya fi ƙarfina.

A ɗakin bincike nake aiki. Muna nazarin wani sinadari na kayan lantarki, siriri ƙwarai, fatar albasa ma bargo ce a kansa. In an haska masa fitilar leza, shi ma yakan yi haske. Hanya biyu muke samunsa: a ɓare shi daga dutsensa da selotef, ko a gasa shi a tanderu. Na selotef ya fi haske amma ɗan mitsitsi ne. Na tanderu faffaɗa ne, haskensa kuwa dishi-dishi.

Shekara uku da suka wuce na auna wani samfurin tanderu, ya haska tar. Muka buga sakamakon, Farfesa ya yi ta alfahari, ni ma da shi na samu digirina da wannan kujerar. Watan jiya ina gyara durowa na ga tsohon littafin aikina. Ashe samfurin nan na selotef ne. Ni na musanya lambobin akwatunan, wallahi ba da gangan ba.

Akwai wata ɗaliba, shekara biyu tana gasawa hasken ya ƙi fitowa. Farfesa ya ce hannunta ne ba kyau, ƙarshen zango za a sallame ta. Bayan na gano kuskuren, ta same ni da goyonta, ta roƙe ni sirrin. Na ce ta ƙara wuta. Tun ranar abinci ya daina yi min daɗi. Farfesa ga hawan jini, maigidana kuma ya ce in rufa wa kaina asiri.

Mai Selotef

Ƙanwata, musanya lamba kuskure ne, kowa na yi. Amma cewa baiwar Allah ta ƙara wuta, wannan da saninki kika yi.

Maigidanki tsoro yake ji miki, kuma da gaskiyarsa. Za a iya janye takardar da kuka buga, kujerarki ma tana iya girgiza. Sai dai ramin ƙarya ƙurarre ne. Wasu za su gwada su kasa, ranar kuma ba wanda zai yarda kuskure ne.

Ki sake auna samfurin, ki kwafi shafin littafin, ki samu Farfesa shi kaɗai a makon nan, kafin a sa hannu a takardar sallamar. In ya ƙi saurara, ki kai wa shugaban sashe a rubuce. Sannan ki nemi gafarar ɗalibar nan, ko da ba za ta yafe ba. Shekarunta biyu ba za su dawo ba, kada ki ƙara mata da kora.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya kawo sauƙi.